Baƙin man a-kori-kura: yadda za ka zaɓi kaurinsa da yadda za ka lissafa lokacin juye

Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko wata rumfar masu baƙin mai a Sakkwato ko Maraɗi, ka ce kana son man Hilux. Kafin ka rufe baki an miƙo maka galan ɗin 20W-50, wani lokaci ma SAE 40 ko 50, an haɗa maka da nasiha: "Alhaji, ƙasarmu da zafi, tsinkakken mai ba ya riƙe inji." Mai rumfar ba ƙarya ya shirga maka ba, abin da ya gada ya faɗa. Tun 1975 da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, 504 ta daɗe tana mulkin titunan Arewa, a-kori-kurarta kuma ita ke kai hatsi da dabbobi kasuwannin ƙauye. A kanta da yawa daga cikin manyan kanikawanmu suka koyi aiki, injinta kuwa da mai kauri ya saba. Motoci suka sauya, nasihar ta tsaya inda take.

Tambayoyi biyu ne a nan, kowace da mai amsa ta. Wane kauri za ka zuba? Wannan inji ne ke faɗa, ta bakin littafin da kamfani ya haɗo da motar. Yaushe za ka juye? Wannan kuma aikin da motar ke yi ne ke faɗa: ƙurar da take sha, kayan da take ɗauka, dizal ɗin da ake ɗura mata. Mu kuwa mun birkita lamarin. Muna saɓa wa littafi a kan kauri saboda zafin gari, sannan mu manta da zafin da ƙurar idan an zo maganar juye.

Mataki na farko: san injin da ke cikin motarka

"Hilux" sunan jiki ne. Tun 1968 ake ƙera ta, injinan da suka ratsa cikinta kuma sun bambanta nesa ba kusa ba. Duba farantin da ke manne a ƙarƙashin bonet ko a jikin ƙofar direba, za ka ga lambar injin. A masu fetur akwai tsohon 22R mai lita 2.4, da 3RZ-FE, da 2TR-FE mai lita 2.7, wanda shi ne ya cika ma'aikatu da ayarin masu mulki a Najeriya. A masu dizal akwai tsofaffin 2L da 3L da 5L. Sai 2KD-FTV mai lita 2.5 da 1KD-FTV mai lita 3.0 na samfurin da ya fito a 2004. Sai 2GD-FTV mai 2.4 da 1GD-FTV mai 2.8 daga 2015. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya kuma, ta masu ratsa yashi, yawanci 1HZ mai lita 4.2 take ɗauke da shi. Haka za ka bincika idan Mitsubishi L200 ce, ko Isuzu D-Max, ko Nissan Navara, ko Ford Ranger.

Idan motar 'yar Kwatano ce, tabbatar injin da ke ciki shi ne wanda farantin ya ambata, domin sau da yawa an riga an sauya shi. Sannan ka amsa wa kanka tambayoyi uku: yana da tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska? Yana da VVT-i ko makamancinsa, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul da ƙarfin mai? Idan dizal ne, akwai matatar hayaƙi ta DPF a salansarsa? Duk "e" ɗaya a cikin ukun nan tana rage maka 'yancin zaɓe. Littafin motar kuma, in ya ɓace, ana samun irinsa a intanet. Nemi na shekarar motarka da na kasuwar da aka ƙera ta dominta, don na Turai da na Afirka ba kullum suke faɗar abu ɗaya ba.

Mataki na biyu: karanta lambobin jikin galan

Kowane mai yana tsinkewa idan ya ji wuta, ya yi kauri idan ya huce. Man ja ma haka yake: da hunturu sai an kai kwalbar kusa da murhu kafin ya zubo, da bazara kuwa ba sai an roƙe shi ba. Saboda haka ba a faɗar kaurin mai sai an faɗi a wane zafi aka auna shi. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ce ta tsara ma'aunin da duniya ke bi, mai suna J300, lambobi biyun da kake gani kuma gwaji biyu ne daban-daban.

Lambar farko, mai W, ta sanyi ce. Ana gwada ko inji zai iya juyawa da man a tsananin sanyi: 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a 30, 10W a 25, 15W a 20, 20W a 15. Lamba ta biyu ita ce kaurin man a digiri 100 na ma'aunin salshiyas, wato kusan zafin da yake aiki a cikinsa. Da ma'aunin cSt, wanda ake auna kaurin mai da shi, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai lamba 50 tsakanin 16.3 da 21.9. Abu na farko da wannan ke nuna maka shi ne 5W-40 da 15W-40 ajinsu ɗaya idan inji ya ɗau zafi. Wanda ya ga 5 a farko ya ce man ruwa ne, ba lambar da ta dace ya duba ba.

Wani zai ce to ina ruwanmu da lambar sanyi, tunda ko a Jos ba a san irin wannan sanyi ba? Duba waɗannan alƙaluma. A digiri 40, wato tsakar ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, 5W-30 yana wajen 60 cSt, 15W-40 ya haura 100, 20W-50 kuwa yana wajen 150 zuwa 170. A digiri 100 sun sauko wajen 10 da 14 da 18. Ke nan a ranar da mutum ke neman inuwa ido rufe, man da ke cikin motar da ta kwana a ajiye ya ninka kaurin aikinsa sau shida zuwa tara. A wurin mai, zafin bazararmu sanyi ne. Balle asubar Janairu a Kano ko Damagaram.

Me ya sa wannan ya dame mu? Ratar da ke tsakanin karanshaf, wato babbar sandar da ke juyi a ƙasan inji, da metal ɗin da take kwance a kai a injin zamani ba ta wuce kusan 0.02 zuwa 0.05 na milimita ba, kuma dole mai ya kutsa nan ya raba ƙarfe da ƙarfe. Dole ya hau can sama wurin bawul, ya isa tabo wanda sandarsa ke juyi sama da dubu ɗari a minti, ya fesu a ƙarƙashin fistin ya sanyaya shi. Duk daƙiƙar da ya ɓata a hanya da safe, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Ƙari a kan haka, filtar mai tana da wata ƙofar gefe da ke buɗewa idan mai ya yi kaurin da ba zai ratsa takarda ba, sai ya wuce ba tacewa. A injin VVT-i kuma, man ne ke tura na'urar ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi. Kauri fiye da kima ko dattin da ya daskare na sa ta yi nawa.

Shi ma tsinkewa fiye da kima yana da nasa haɗarin, kada a ce na ɗauki ɓangare. Idan man ya gaza kaurin da injin ke buƙata, a lokacin da mota ke hawan tudu da lodi, shimfiɗar man da ke kan metal sai ta sirance har ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Shi ya sa ba a zuba 0W-20 a 5L ko 1HZ.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, ba rana ce ke yanke zafin cikin inji ba, tamostat da lagireto da fanka ne. A injin lafiyayye mai na aiki a tsakanin digiri 90 da 110, a Landan ne ko a Nguru. Zafin gari yana ƙara wani abu, amma lodi da gudu sun fi shi ƙarawa. Af, tunda an ambaci tamostat: al'adar nan ta cire shi da zarar mota ta sauka daga Kwatano cutar mai ce. Injin da ba ya kai zafinsa ba ya ƙone raɓar ruwa da ɗigon fetur da ke taruwa a cikin mai, ƙarshenta su zama baƙin kunu a ƙarƙashin murfi.

Mataki na uku: haruffan da ba a kula da su

Kauri rabin labari ne. Sauran rabin sinadaran da aka zuba a man ne: masu wanke datti, masu riƙe toka kada ta dunƙule, masu kashe tsami, masu hana ƙarfe cinyewa. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ita ke ba su daraja. S na masu fetur ne: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Sabo yana maye gurbin tsoho, tsoho ba ya maye gurbin sabo; galan mai SF ko SG ba na 2TR-FE ba ne komai kyan kwalinsa. C na masu dizal ne: CF-4, CH-4 na 1998, CI-4 na 2002, CJ-4 na 2006, CK-4 na 2016. Idan ka ga CI-4/SL, man yana yi wa duka biyun.

Turawa suna da nasu tsarin, ACEA. A3/B4 mai ƙarfi ne na fetur da ƙananan dizal marasa matatar hayaƙi. Masu C, irin C2 da C3, an rage musu toka domin kada su toshe DPF. Idan motarka tana da DPF, babu ciniki: C ɗin da littafi ya ce, ko JASO DL-1 na Jafanawa. Man manyan motoci mai yawan toka zai cika matatar da abin da ba ya ƙonewa, kuɗin sabuwa kuwa ya isa juyen shekaru. Ba kowace Hilux mai GD, wato 1GD ko 2GD, ce ke da DPF ba, ya danganta da ƙasar da aka ƙera ta dominta, don haka a leƙa ƙarƙashi a gani.

Mataki na huɗu: zaɓi

Buɗe shafin mai a littafi. A motocin da aka yi wa ƙasashe masu zafi, yawanci za ka tarar da jadawali mai ɗauke da kauri fiye da ɗaya, kowanne da iyakar zafin da ya dace da shi. Duk abin da ke cikin jadawalin halal ne, wanda ba ya ciki ka bar shi. Ga yadda nake ganin zaɓi a cikin abin da aka halatta.

Tsofaffin dizal marasa tabo, 3L da 5L da 1HZ: 15W-40 mai CH-4 ko CI-4. Yana ko'ina, kuɗinsa da dama-dama, kuma shi ne daidai da su. Su 2KD da 1KD marasa DPF: 15W-40 ko 10W-40 ko 5W-40 mai CI-4 ko A3/B4, mai hali ya ɗauki 5W-40 saboda tabo. Masu GD: 5W-30 mai darajar da littafi ya ambata. 2TR-FE lafiyayye: 5W-30 ko 10W-30 mai SN ko SP, idan kuma kullum cikin lodi take, 5W-40 in jadawali ya ba da dama. 22R da 504: a nan 20W-50 yake gida, 15W-40 ma ya yi. Manyan motocin Amurka irin Tundra mai lita 5.7 da ke neman 0W-20, ko F-150 masu neman 5W-20 ko 5W-30, yawanci an rubuta lambar a murfin zuba mai, bi ta. SAE 40 ko 50 zalla, marar W, ba ni ganin dalilin zuba shi a kowace a-kori-kura ta wannan zamani.

Yaushe ake ƙara kauri? Idan inji ya tsufa, rata ta buɗe, yana shan mai, ko jar fitilar mai tana ƙyaftawa a silo, wato inji na aiki mota na tsaye, bayan doguwar tafiya. Amma kafin ka ƙara, sa bakanike ya ɗaura ma'aunin ƙarfin mai na hannu ya auna, don wani lokaci na'urar kunna fitilar ce ta lalace, wani lokaci kuma rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta ce ta toshe. Masu 1KD su kula da wannan musamman: idan wosar da ke ƙarƙashin nozil ta fara yoyo, hayaƙi na shiga mai ya zama gawayi, ya toshe rariyar, inji ya buga. Mai kauri a wannan hali ƙara wa wuta fetur ne. Idan awo ya nuna tsufa ne kawai, hau mataki ɗaya, daga 30 zuwa 40 ko daga 40 zuwa 50, ka san kuma jinkirta gyara kake yi.

Man da ake kira sintetik ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai lalace ba, ya fi saurin hawa da safe. Ba ya fasa roba kamar yadda ake yaɗawa. Idan ya fito, dama akwai kafar da datti ya toshe. Idan ka makale a hanya, ƙara kowane man inji mai kyau ya fi tafiya da mai a ƙasan geji, wato sandar auna mai. Kaurin gwangwani da ake cewa tiritmen kuwa, a bar shi a kan kanta.

Mataki na biyar: saye

Jabun mai ya fi kuskuren kauri kashe inji. Ana cika tsofaffin galan da ɗanyen mai marar sinadari, ko da tsohon mai da aka tace, a liƙe murfi. Saya a gidan mai na kamfani ko wurin dilan da aka sani. Duba zoben murfi, da takardar da ke liƙe a baki, da lambar rukuni da ranar da aka yi shi. Na gida kuma ya kasance da tambarin MANCAP na hukumar SON. Wanda ake aunawa daga duro a kwalbar lemo ba na motarka ba ne. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ma shaida ne, araha ba ta ado. Filta ma haka, don jabunta ya fi na man yawa. Idan an gama juye, huda galan ɗin kafin ka bar shi.

San adadin da za ka saya: 2TR-FE na cin lita biyar da rabi da 'yan kai, KD kusan bakwai, GD wajen bakwai da rabi. Galan ɗaya mai lita huɗu ba ya isa, kada a cike maka da abin da ya saura a gareji.

Mataki na shida: lissafin lokacin juye

A littattafan Hilux da yawa, tazarar yau da kullum kilomita 10,000 ce ko wata shida. Amma a shafi na gaba akwai jadawali na biyu, na aiki mai tsanani, inda tazarar ke komawa rabi, kilomita 5,000. Karanta sharuɗɗansa: hanya mai ƙura ko laka, jan tirela ko ɗaukar kaya masu nauyi, yawan tsayuwa a silo, gajerun tafiye-tafiye. Sai ka tambayi kanka wace a-kori-kura ce a ƙasar Hausa ba ta faɗa cikin ɗaya ba. Mai ɗauko buhunan masara zuwa Dawanau, mai lodin albasa daga Aliero, mai kai raguna Maigatari, mai ratsa yashi tsakanin Agadas da Dirku, duk jadawali na biyu ne nasu. Hazon hunturu kaɗai ya isa, don ƙurar da ta tsallake filtar iska a mai take ƙarewa, ta riƙa goge ringi.

Ga masu dizal akwai ƙarin dalili. Farar wutar da ke cikin dizal idan ta ƙone ta haɗu da raɓa, tsami take zama, sinadaran mai kuma su ke kashe shi har su ƙare. Shekaru masu yawa ƙa'idar Najeriya ta halatta dizal mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Amurka ta fara aiki da 15 a 2006, Turai kuma 10 a 2009. Ƙasashen ECOWAS sun amince da 50 a 2020, amma wanda ke shan na 'yan bumburutu a bakin hanya bai san abin da ke cikin jarka ba. Dogayen tazarar da ake gani a littattafan Turai da Amurka a kan tsabtataccen dizal aka gina su. Man C2 da C3 kuma maganin tsaminsa bai kai na CI-4 ko A3/B4 ba, don haka mai DPF a nan ya fi kowa buƙatar gajarta tazara. A kula kuma: motar Amurka da mil take ƙirga. Mil 5,000 kusan kilomita 8,000 ne, mil 10,000 kusan 16,000.

Sai awannin da mita ba ta gani. Kamfanin Ford, a littattafan wasu manyan motocinsa na aiki, yana lissafa awa ɗaya ta silo a matsayin mil 25, wato kusan kilomita 40. Ɗauki misalin motar ofis da ke yin kilomita 1,500 a wata, direba kuma yana zaune da esi a kunne yana jiran oga awa biyu kullum, kwana ashirin a wata. Awa 40 sau kilomita 40, an sami 1,600. A wurin man, motar ta yi 3,100 a watan. Zai kai 5,000 cikin mako bakwai, mita kuwa ba ta nuna ko 2,500 ba. Motocin rakiya da na sintiri da na asibiti a nan suke mutuwa, alhali takardarsu ta nuna ba a taɓa tsallake juye ba.

A taƙaice ga ma'aunin da zan ba mai mota. Dizal kowane iri, da fetur mai shan man gargajiya, wato wanda ba sintetik ba: kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga. Idan aikin ƙura da lodi ne zalla, ko silo ya yi yawa, sauko ƙasa da haka ko ka koma ƙirgen wata uku. Fetur mai shan sintetik na gaske, wadda yawancin tafiyarta kan kwalta ce mai nisa, irin Kano zuwa Abuja: 7,500, har 10,000 idan littafi ya yarda. Motar da ke ajiye ba ta tsira ba, mai na lalacewa ko ba a tuƙa ba; kada ya shekara a ciki. Juye duk kilomita 2,000 kuma, kamar yadda wasu ke yi don tsoro, ɓarnar kuɗi ce. Gara a sa kuɗin a filta mai kyau.

Baƙin launi ba hujja ba ne. Man injin dizal yana baƙi tun a 'yan kwanakin farko saboda yana riƙe toka, aikinsa ke nan. Murza shi a yatsa ma ba ya faɗa maka ko sinadaransa sun ƙare.

Mataki na bakwai: geji, duk mako

A fili mai daidai, inji a kashe aƙalla minti biyar. Zaro geji, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Tsakanin ɗigo biyun yawanci lita ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi, don haka ƙara kaɗan-kaɗan. Abubuwa huɗu ne ke sa a juye nan take ba tare da duba mita ba: man ya koma kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga, ko ta gasket ko ta tsallaka rafi da damina; yana warin fetur ko dizal; yana ƙaruwa da kansa, wanda ke nufin dizal ko fetur na gangarowa daga nozil ko daga ƙona dattin DPF da bai kammala ba; ko kana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe. Haka nan bayan inji ya yi zafi har ruwa ya tafasa. A duk waɗannan, juye kaɗai bai isa ba, sai an nemo musabbabi.

Mataki na takwas: juyen kansa

Ko ba kai za ka yi ba, tsaya a wurin. Tanadi mai, sabuwar filta, sabuwar wosa ta notin juye, sifana daidai girman notin, mazurari, kwano mai faɗi da tsumma.

Tada inji minti biyar zuwa goma man ya yi ɗumi, sannan a kashe. Ja birkin hannu, sa waigi. Yawancin a-kori-kura suna da tsayin da za a shiga ƙarƙashi ba ɗagawa. Idan an ɗaga, kada kowa ya shiga a kan jak kaɗai. Buɗe murfin sama, kwance notin ƙasa, bari ya tsiyaye minti goma zuwa sha biyar. Banda Ford Ranger da Mazda BT-50 masu dizal 2.2 da 3.2 na 2011 zuwa sama: famfon mansu yana iya kasa zuƙa idan aka bar shi babu mai fiye da minti goma, don haka a shirya komai a hannu kafin a kwance, a yi sauri. Dubi abin da ya fito da bakin notin, ko akwai ɓarɓashin ƙarfe.

Kada a wanke inji da kananzir ko dizal. Ba ya fita duka, ragowar na tsinka sabon mai, dattin da ya ɓamɓaro kuma rariya yake nufa. Injin da ya yi datti, a yi masa juye biyu ko uku a kusa-kusa.

Mayar da noti da sabuwar wosa. Ɗaurinsa a yawancin waɗannan motoci tsakanin 30 da 40 Nm ne, wato ƙarfin hannu ɗaya a sifana, ba a sa bututu ba a taka da ƙafa. Kwance tsohuwar filta, ka tabbata robarta ta fito tare da ita. Idan ta manne aka ɗora sabuwa a kai, man zai tsiyaye a hanya cikin mintuna. Shafa sabon mai a robar sabuwar, murɗa da hannu har ta zauna, ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Filta kowane juye ake sauya ta. Wanke tsohuwa da fetur a mayar ba tattali ba ne.

Zuba man ka rage kamar rabin lita. Tada inji a bar shi a silo, kada yaron gareji ya taka totur don a ji ƙara. Jar fitila ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Idan ta ƙi, a kashe nan take. Leƙa noti da filta ko akwai ɗigo. Kashe, jira minti biyar, duba geji, cike zuwa ɗigon sama kada a wuce. Mai da ya yi yawa karanshaf ne ke kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe, ga matsa wa roba har ta fara yoyo.

Kafin a rufe bonet, buɗe gidan filtar iska. Idan takarda ta huje, ko robar gefenta ba ta zauna ba, ko ka ga ƙura a bututun da ke bayanta, sauya ta. Busa ta da iska mai ƙarfi yana yaga ta a inda ido ba ya gani. Mai dizal ya tsiyaye ruwan da ya kwanta a filtar dizal. Mai tabo kuma ya saba da barin inji minti ɗaya ko biyu a silo bayan gudu ko hawan tudu kafin ya kashe, don kada man da ke cikin tabo ya ƙone a wurin.

Rubuta kwanan wata, da lambar mita, da sunan man da kaurinsa da darajarsa a ɗan littafi da ke zaune a motar, tare da duk litar da aka ƙara kafin juye na gaba. Daga nan za ka gane ranar da injin ya fara shan mai, musamman idan direbobi suna karɓa-karɓa.

Tsohon man kuma a zuba shi a jarka mai murfi a kai wa masu saye ko gidan mai da ke karɓa. Kada a tuttular a kwata, ko kusa da rijiya, ko a gona. Kada a shafa wa dabba a kan ƙazuwa ko miki kamar yadda wasu ke yi, domin yana ɗauke da guba da ƙarafa da ke ratsa fata. Yaron da ya yi juyen shi ma ya wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.